Bitamin D da yawan ɓari: abin da za a duba kafin wani cikin ya shiga

Assalamu alaikum. Wannan bayani na 'yar'uwar da ta yi ɓari sau biyu ko uku a jere ne, da maigidanta. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya mayar muku da alheri.

A karkarar Kano da Jigawa, idan ɓari ya yawaita, sai ka ji ana cewa iska ce, ko sammu. A yi ta jiƙo da hayaƙi, ba a nufi asibiti ba sai wani cikin ya shiga, jini ya ɓalle. Alhali binciken da ya fi amfani tsakanin ciki da ciki ake yin sa, lokacin da mace take lafiyarta ƙalau.

Cikin abubuwan da likita zai iya dubawa akwai bitamin D. Fatarki ce ke haɗa shi idan rana ta taɓa ta. Shi ke taimaka wa hanji ya tsotsi sinadarin kalsiyam don ƙashi ya yi ƙwari, kuma yana da hannu a garkuwar jiki da yadda mabiyiya ke kafuwa a makonnin farko.

A 2018 masu bincike a Amurka suka fitar da sakamakon nazarin mata kusan 1,200 da suka taɓa ɓari sau ɗaya ko biyu. An auna jininsu kafin ciki, aka sake aunawa a mako na 8. Waɗanda ke da isasshen bitamin D tun kafin ciki sun fi sauran samun haihuwar ɗa mai rai da kashi 15 cikin 100. Awon mako na 8 kuwa bai nuna alaƙa da ɓari ba. Kamar taki ne, kafin saukar damina ake kai shi gona.

Sai dai a kula. Binciken ya nuna abubuwan biyu suna tafiya tare, bai tabbatar da cewa shan ƙwayar bitamin D na hana ɓari ba. Kusan rabin ɓarin farkon ciki daga tangarɗar ƙwayoyin halittar ɗan tayi yake, tun haɗuwar farko, ba laifin uwa a ciki. Akwai kuma ciwon sukari, ciwon maƙoƙo, zazzaɓin cizon sauro da matsalar daskarewar jini, duk sai an duba su.

Wani zai ce ai rana ba ta yi mana rowa ba. Haka ne, mai daka da shanya a tsakar gida tana samun rabonta. Amma ki duba amaryar da ke yini a ƙuryar ɗaki, ko gidan da aka rufe tsakarsa da kwano, in za ta unguwa ta sa hijabi har ƙasa da safa. Ga shi baƙar fata ta fi farar fata buƙatar daɗewa a rana, hasken da ya ratso gilashin taga kuma ba ya wannan aikin. Idan hantsi ya ɗaga, ki shimfiɗa tabarma a inda rana take cikin gidanki, hannaye da ƙafafu a buɗe, ki yi tsintar wakenki a nan. A abinci, ki nemi gwaiduwar ƙwai, kifin gwangwani da kifi mai maiƙo. Tuwo da miyar kuka ba za su ba ki shi ba.

Don Allah kada a aiki yaro kemis ya sayo ƙwayar bitamin D mai ƙarfi. Abin da jiki ke buƙata a kullum bai wuce awo 600 na IU ba, wato ma'aunin da ake auna bitamin ɗin da shi, kuma ba a haura 4,000 sai da umarnin likita. Idan ya yi yawa, kalsiyam na taruwa a jini ya taɓa ƙoda.

Maigida, kai za ka raka ta asibitin da ke kusa, ka nemi takardar tura ku wurin likitan mata, ko a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Rasheed Shekoni a Dutse. Ku tafi da tsofaffin katunan awo, ku faɗi watan da kowane ciki ya zube, ku kuma tambaya a ba ta ƙwayar folik asid tun yanzu.