Me ya sa gam ba ya riƙe roba da roba?

Assalamu alaikum jama'ar Zango, musamman mastocinmu na Suame Magazine, unguwar makanikai a Kumasi, da yaran shago. Ku dubi abin da ke hannuna. Murfin saman injin mota ne, baƙi, mai tauri, ga wani siririn zare mai laushi ya zagaye bakinsa. In na tambayi yaron shago da me aka yi murfin, zai ce roba. Zaren fa? Roba. To, daga nan ruɗanin yake farawa, domin Hausa ta tara abu biyu a suna ɗaya. Bokiti roba, taya roba, takalmin wanka roba. Don haka a wannan bidiyon, mai laushin da ke miƙewa ya koma zan kira shi danƙo, mai taurin kuma filastik.

Kowa da aikinsa. Filastik ne ke riƙe siffa, shi ake ɗaure wa noti, ga shi bai kai ƙarfe nauyi ba. Danƙo shi ke toshe hanya, kada mai ko ruwa ko ƙura su wuce. Inda suka haɗu kuwa, nan ne yoyo yake neman ƙofa.

Bari mu gwada wani abu. Ga jarkar nan mai ruwan ɗorawa da muke kira galan ɗin Kufuor. Na ɗiga mata ruwa. Kun ga yadda ɗigon ya dunƙule kamar ƙwai, ya ƙi bajewa? Haka gam ma yake yi a kanta, sai dai ido ba ya gani. Abin da bai jiƙa fuska ba, ba zai kama ta ba. Masana suna auna wannan kwaɗayin da fuskar abu ke yi wa ruwa. Filastik irin na jarka, wato PE, da ɗan'uwansa PP, suna wajen 30 a ma'aunin. Nailan, wanda shi ma wani irin filastik ne, ya haura 40, shi ya sa ya fi karɓar gam. Teflon, wanda Roy Plunkett ya gano a 1938 a kamfanin DuPont, bai kai 20 ba. Shi ne a cikin kaskon da ƙwai ba ya kamawa, to ina ga gam?

Saboda haka a masana'anta sai an fara tsokanar fuskar. A goge maiƙo, a karce ta, wani lokaci a wuce da harshen wuta a kanta cikin sauri, ko a yi mata feshin tartsatsin lantarki. Ledar fiya wata da kuke sha kullum ma sai da aka yi mata wannan tartsatsin kafin rubutun kamfani ya zauna, in ba haka ba da yatsa za ku share shi. Teflon kuwa sai an tsoma shi a wani sinadari mai sodiyom har fuskarsa ta koma ruwan ƙasa.

Yanzu ga inda na fi so ku tsaya ku saurara, masta. Mafi yawan kayan nan ba a gama dafa danƙon sannan a liƙa shi. Da ɗanyensa ake haɗa su. Ɗanyen danƙo kamar cingam yake, in ka ja shi ba ya komawa. A 1839 Charles Goodyear ya gano cewa in aka dafa shi da farar wuta, zarurrukan cikinsa suna ɗaure juna, ya zama mai tsalle da juriya. Mai faci a bakin titi da ke danna facinsa da zafi, jikan wannan aikin yake yi. To a masana'anta, ana shafa wa filastik wani siririn maganin kamu, sau da yawa shafi biyu: na farko ya kama filastik, na biyu ya kama danƙo. Sanannen irinsa shi ne Chemlok na kamfanin Lord a Amurka, wanda aka fara yi don haɗa danƙo da ƙarfe. Sai a saka filastik a cikin mazubi, a tura ɗanyen danƙo a kansa da ƙarfi, a dafa a zafin da ke tsakanin digiri 150 zuwa 180. A lokacin da danƙon ke ɗaure kansa, a lokacin yake ɗaure da maganin. Dahuwa ɗaya, ɗauri ɗaya.

Amma fa sai filastik ɗin ya iya jure wutar. PP yana narkewa a wajen digiri 165, ka ga ya zube tun danƙo bai nuna ba. Nailan ɗin da ake kira PA66 sai ya kai wajen 260. Ku juya murfin nan, ga tambarin: PA66-GF30. Ma'anarsa nailan ne da aka cakuɗa da zaren gilashi kashi 30 cikin ɗari. Sai dai nailan yana da hali guda, shan laima. A gari irin Kumasi da damina, in aka bar shi a buɗe zai sha ya ƙoshi, in ya shiga mazubi ruwan ya zama tururi, ya bar ƙananan kumfa daidai inda ake son kamu. Dole a busar da shi tukuna.

PP kuma an samo masa abokin zama, wani danƙo da ke narkewa kamar filastik, su narke tare su haɗe ba gam. Shi ne laushin da ke mariƙin buroshin haƙori. Wasu masu zanen kuma ba sa yarda da sinadari kaɗai, sai su huda ramuka a filastik, danƙo ya ratsa ya fito ta baya ya kulle kamar maɓalli.

Shi kansa danƙon ba iri ɗaya ba ne. Wanda ake kira NBR yana zama lafiya da baƙin mai. Wanda ake kira EPDM kuwa abokin ruwan lagireto ne da man birki, amma ka wanke shi da fetur ka ga yadda zai kumbura. Ni dai duk lokacin da na ga yaro ya jefa robar birki a kwanon fetur, sai gabana ya faɗi.

To yaya za ka gane kamu mai kyau? Ga tsofaffin kaya biyu, zan ja kowanne da filaya. Na farko, kun gani, danƙon ne ya yage, ya bar namansa manne a jikin filastik. Wannan kamun ya fi danƙon kansa ƙarfi, haka ake so. Na biyu ya salube tas, fuskar na sheƙi kamar ba a taɓa haɗa su ba. Ko dai maiƙo ya shiga tsakani, ko ba a gyara fuskar ba.

Irin wannan na biyun ne ake ɗiga wa sufa gulu a mayar. Zai riƙe har mai mota ya bar Suame. Amma sufa gulu in ya bushe ƙanƙara ne, ba ya lanƙwasa, alhali danƙo da filastik kowa da yadda yake buɗewa in injin ya yi zafi, ga girgiza, ga mai. Kafin a je Techiman an fara ganin ɗigo.

Ku duba da kyau kafin ku yanke hukunci. In zaren a cikin kwari yake zaune kawai, kamar na tankin lagireto da aka matse da haƙoran alminiyom, ba a taɓa liƙa shi ba, sai a ciro a sa sabo mai girmansa da irinsa. In kuwa tare aka dafa su ya salube, a gaya wa mai mota gaskiya, murfin gaba ɗaya za a sauya.