Inda matsin ƙasa yake komawa bayan girgiza

Assalamu alaikum. Malam Shugaba, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa, da yawanmu yanzu muna zaune a ƙasashen da ƙasa ke motsi, shi ya sa nake roƙon ku ba ni kunnenku. Akwai wata fahimta da ke jefa mutane cikin halaka: wai in babbar girgizar ƙasa ta wuce, ƙasa ta sauke nauyinta. A wurin da dutse ya zame, haka ne. Amma a kewayensa labari ya sha bamban.

Girgizar cikin tudu tana faruwa ne a kan tsagin dutse, galibi a zurfin da bai wuce kilomita 15 zuwa 20 ba. Gefe biyu na tsagin suna manne, matsi yana taruwa shekaru ɗaruruwa, rana ɗaya su suɓuce. Inda ya zame, matsin kan ragu da kamar "ba" (bar, wato ma'aunin matsi) 10 zuwa 100. Wani kaso nasa sai ya koma bakin tsagin biyu, inda zamewar ta tsaya, da wasu tsagogin da ke maƙwabtaka. Abu biyu masana ke aunawa a kowane tsagi: ƙarfin da ke tura shi ya zame, da ƙarfin da ke danne shi. In na farko ya ƙaru, ko na biyu ya sassauta, ko ruwan da ke cikin kofofin dutsen ya ƙara matsi, tsagin ya kusanto karyewa. Ƙarin kashi ɗaya cikin goma na "ba" ɗaya, wato kusan kashi ɗaya cikin ashirin na matsin iskar tayar mota, ya isa ya tunzura tsagin da dama yake gab. Akwai kuma yankunan da matsinsu ke raguwa, su yi shiru shekaru, kamar kewayen San Faransisko bayan girgizar 1906.

Ku duba Kalifoniya a 1992: girgizar Landers mai maki 7.3, bayan awa uku da 'yan mintuna sai ta Big Bear, a yankin da lissafi ya nuna matsi ya ƙaru. A Turkiyya, tun daga Erzincan a 1939 girgiza take tafiya yamma a kan tsagin Arewacin Anatoliya, har ta kai Izmit a watan Agustan 1999, Duzce kuma a Nuwamba. A Fabrairun 2023, a kudancin Turkiyya, mai maki 7.8 ta zo, bayan awa tara mai 7.5 ta biyo a wani tsagi daban.

Lissafin yana nuna wuri, ba ya faɗin rana, don ba a san yawan matsin da tsagi ya riga ya tara ba. Kuma rabon matsin bai tsaya cak ba: dutse mai zafi da ke can ƙarƙashin ƙasa yana ci gaba da miƙewa a hankali, ana ganin shi ya sa girgizar Hector Mine ta zo kusa da Landers sai a 1999.

Abin da ya fi damuna shi ne Kumamoto ta Japan a 2016. Mai maki 6.5 ta zo, mutane suka koma gida, bayan awa 28 mai 7.3 ta rushe gidajen da ta farko ta raunana. Don Allah, in bango ya tsage a karkace, ko ƙofa ta daina rufuwa, ko kun ji warin gas, kada kowa ya kwana ciki sai injiniya ya duba, ko da ƙananan girgizar da ke biyo baya sun fara lafawa. Na gode.