Ruwan da ke biyo ɗanyen mai

Jama'a masu saurare, barkanmu da war haka daga nan Damagaram.

Tun 2011 ɗanyen mai ke tasowa daga rijiyoyin man Agadem ta bututu mai tsawon fiye da kilomita 460, ya sauka matatar SORAZ da ke arewa da mu, wadda aka gina don tace ganga 20,000 a rana. Kowa ya san zancen man. Ruwan da ke biyo shi daga rijiya kuwa ba a cika kula shi ba, alhali idan rijiya ta tsufa, ruwan da take fitarwa yakan fi man yawa.

Ruwa ne mai gishiri da maiƙo, kuma akwai ƙwayoyin bakteriya da suka mai da shi gida. Ba sa buƙatar iska. Sinadarin salfet suke ci, su fitar da iskar da ma'aikata ke kira H2S, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Makircinta shi ne idan ta yi yawa sai hanci ya daina jin ta, mutum ya ɗauka ta wuce. Ta fi iska nauyi, don haka rami da ƙasan tanki take kwanciya. Ƙwayoyin kuma suna cin ƙarfe a hankali har bututu ya huje.

Duk matar da ta taɓa sa hannu cikin randar da ta kwana biyu ba a wanke ba ta san yauƙin nan da ke manne a jiki. To haka suke yi a cikin bututu, su lulluɓe kansu, magani ya bi ta sama ya wuce. Shi ya sa zuba maganin kashe ƙwayoyi irin su gulutaraldehaid ko THPS kaɗai bai isa ba, sai an tura abin kankarewa ya goge cikin bututun. Wasu kan zuba sinadarin naitret, don wasu ƙwayoyin na daban su cinye abincin masu fitar da H2S ɗin.

Amma maganin ma guba ne. Mu da muka san tsadar bidon ruwa a hannun ɗan ga-ruwa a watan Afrilu, daga Birni har Zango, muna da haƙƙin tambaya: ruwan nan, bayan an kashe ƙwayoyin, ina yake zuwa? Idan ƙarƙashin ƙasa ake mayar da shi, a zurfin mita nawa, kuma wa ke auna rijiyoyin makiyaya na kusa? A riƙa karanta mana sakamakon awon nan a rediyo, da Hausa da Barbarci.