Hirar bincike da 'yan wasa: wa zai yi tambaya, kuma a ina?

Assalamu alaikum. Takardar tambayoyi tana iya nuna maka ɗalibai nawa suka daina fitowa darasin motsa jiki a wata makaranta a Sakkwato. Amma abin da ya hana su, sai ka zauna da su an yi magana. Wannan zaman shi ne hirar bincike.

Akwai wadda ake karanto tambayoyi a jere, akwai wadda ake sakin hira ta tafi inda ta ga dama. Masu binciken wasanni sun fi amfani da ta tsakiya: ka shirya 'yan tambayoyi, amsa kuma ta ja ka zuwa wata tambayar. Kada ka ce wa ɗan wasa, "Kana jin daɗin atisaye?" Zai ce maka e, shi ke nan. Ce masa, "Ba ni labarin ranar da ka ji kamar ka bari."

A nan garin, babban abin lura shi ne kunya. Ɗan ƙwallo a filin Giginya, in koci yana tsaye kusa, komai "lafiya lau" ne. Yaron dambe ba zai kushe maigidansa a gaban jama'a ba. Ɗaliba kuwa, in namiji ke tambaya, za ta ce zafin rana ne ya hana ta. To, zafin Afrilu gaskiya ne, yana wuce digiri 40. Amma maganar kayan wasa da wurin sauya su, sai mace 'yar'uwarta za ta ji ta. Don haka ku zaɓi mai tambaya da wurin zama tun kafin ku rubuta tambayoyin.

Mutum nawa za a yi hira da su? Har sai amsoshi sun fara maimaita kansu. Wani bincike da wani masani mai suna Guest da abokan aikinsa suka wallafa a 2006, kan hira 60 da mata a Najeriya da Ghana, ya nuna yawancin batutuwa sun fito a hira 12 ta farko. Sai dai ba kan wasanni aka yi shi ba, kuma matan yanayinsu ɗaya ne.

A nemi izini kafin a naɗi murya. In yaro ne, har da na iyaye. A rubuta hirar da Sakkwatancin da aka yi ta, kafin a fassara. A sauya sunaye, kuma a lura: in ka rubuta "mai tsaron gida", ƙungiyar duka ta san shi.