Yaron da aka sallama daga aji, ina ya tafi?

Jama'a masu sauraro, da zarar rufin makarantar gwamnati ya fara yoyo, sai ka ji wani mai babbar riga yana cewa a miƙa ta ga 'yan kasuwa. To, an gwada, a nan Afirka kuwa.

A 2016 gwamnatin Ellen Johnson Sirleaf ta Laberiya ta damƙa makarantun firamare 93 ga kamfanoni da ƙungiyoyi takwas. Kaso mafi tsoka ya tafi ga Bridge International Academies, kamfanin da Bill Gates da Mark Zuckerberg suka zuba wa jari, wanda malaminsa ke karanto darasi daga na'urar hannu, kalma bayan kalma. Masu bincike sun bi sawu. E, yaran da suka zauna a aji sun ƙara ƙoƙari, ban musa ba, ko da yake kuɗin da aka kashe wa kowane yaro ya ninka na gwamnati nesa ba kusa ba. Amma an ƙayyade yawan ɗaliban aji, aka sallami rarar. Ina suka tafi? Wa ya bi su gida?

A waccan shekarar babbar kotun Uganda ta ba da umarnin rufe makarantun kamfanin Bridge 63, kan rashin tsafta da malamai marasa takardar koyarwa. A 2020 hatta IFC, reshen Bankin Duniya mai ba 'yan kasuwa jari, ya dakatar da zuba kuɗi a makarantun kuɗi. Mai jarin ya ja da baya, mu ne za mu ruga?

Za a ce ai talaka da kansa yake kai ɗansa makarantar kuɗi. Haba! Wanda ya tarar da rijiyar unguwa ta ƙafe, ya sayi ruwa wajen mai garuwa, zaɓi ya yi? Shi kuma wanda ba shi da ko sisi, ɗansa ina zai tafi?

Kada a ɗauka labarin nesa ne. NewGlobe, uwar kamfanin Bridge, ta shiga makarantun gwamnati a Edo da Legas da Kwara. A ƙasar da UNESCO ta ƙiyasta a 2022 cewa yara kusan miliyan 20 ba sa makaranta! Dokar ilimin bai-ɗaya ta Najeriya (UBE) ta 2004 ta ce karatun shekara tara kyauta ne kuma dole. Kuɗi na nan jibge a UBEC, hukumar tarayya mai kula da ilimin bai-ɗaya, jihohi da dama sun ƙi biyan nasu kason su karɓa. Gwamnan da bai iya biyan wannan kaso ba, shi ne zai sa ido kan kamfani?

Ɗan kasuwa yana da ikon cewa aji ya cika. Gwamnati ba ta da wannan ikon, doka ta hana ta. Don haka duk kwamishinan da ya zo da takardar yarjejeniya, a buɗe ta a zauren majalisa, a nuna mana layin da ya faɗi inda yaron da aka sallama zai zauna ranar Litinin da safe.