Ƙaiƙayin kan nono: yaushe ne na fata, yaushe ne na daji?

Assalamu alaikum masu saurare, iyayena mata da 'yan'uwana, barkanmu da war haka. Yau maganar kan nono za mu yi, kuma don Allah a ajiye kunya a gefe.

Mai shayarwa da kan nononta ya tsattsage, yawanci kamun yaron ne bai yi daidai ba. In aka gyara, ya riƙa haɗawa da baƙin da ke kewaye, kwana kaɗan sai ya warke.

Sai borin fata, wanda sabulu ko turare ko rigar mama kan tayar. Shi yakan kama nono biyu, ya fi zama a baƙin kewayen, sau da yawa kuma za ki ga irinsa a lanƙwasar hannu ko bayan gwiwa.

To, ga wanda ya sa na zo yau. Akwai sankarar da ke fitowa da kamannin wannan borin sak. Sunanta cutar Paget, sunan likitan Ingila James Paget da ya bayyana ta a 1874. Ba ta da yawa, kashi 1 zuwa 4 cikin 100 na sankarar mama ne, ta kuma fi kama waɗanda suka haura shekara 50. Ku saurara da kyau: nono ɗaya take kamawa. Daga tsinin take farawa, sannan ta bazu zuwa kewayen. Wurin ya yi ɓawo, ya riƙa tsattsafo da ruwa ko jini, wani lokaci tsinin ya baje ko ya shige ciki. A baƙar fata irin tamu kada ki jira ganin ja, wurin kan ƙara duhu ne kawai. Rashin jin ƙullutu ma ba hujja ba ce, galibi akwai sankara a can ciki ko hannu bai ji ta ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne man shafawar kemis. Yakan kwantar da ƙaiƙayin, Hajiya ta ɗauka an rabu, ciwo kuwa yana nan yana ci.

Saboda haka in nono ɗaya ne, kin yi mako uku kina shafa magani bai warke ba, ko ya lafa ya dawo, ki je asibiti. Za a yi hoton nono, a kashe wurin da allura, a ɗebi ɗan guntun fata a duba a ɗakin gwaji. Na san ana cewa daji ba ya son ƙarfe. Wannan gwajin ba ya watsa ciwo, kuma shi kaɗai ne ke raba gardama. Maza, ku ma yakan same ku, ko da yake ba safai ba.