Zaɓen Fulogi da Duba Shi Domin Tuƙi a Filin Tsere

Masu kallo, barkanku da wannan lokaci. Motar da ke zirga-zirga a cikin gari ba ta cika samun damar buɗe wuta gaba ɗaya ba sai na 'yan daƙiƙoƙi, amma a filin tsere irin Nurburgring na ƙasar Jamus, inda zagaye ɗaya na tsohuwar hanyar ya haura kilomita 20, direba yakan danne totur har ƙasa ya daɗe bai ɗaga ƙafa ba. Zafin da ke taruwa a cikin silinda a irin wannan tuƙi shi ne ke raba fulogin da ya dace da wanda zai jawo asara.

Ku dubi farin tangaran ɗin da ya kewaye tsinken tsakiya na fulogi. Tsawon hancinsa ne ke nuna saurin da fulogi ke miƙa zafi zuwa kan inji. Mai dogon hanci yana riƙe zafi, shi ake kira fulogi mai zafi, mai gajeren hanci kuwa yana saurin sallamar zafin, shi ake kira mai sanyi. Ana son bakin fulogi ya zauna tsakanin digiri 500 zuwa 800 a ma'aunin Salsiyos. Idan ya gaza haka, baƙin hayaƙi zai taru a kansa har wuta ta riƙa ɗaukewa, idan kuma ya zarce, bakin zai yi jajir ya kunna fetur tun kafin tartsatsi ya fito, kuma wannan kunnawar ta riga-malam-masallaci tana iya huda fistin kafin direba ya ankara.

Lambar zafi tana rubuce a jikin fulogi, sai dai kamfanoni ba su bi tsari ɗaya ba. A wajen NGK da Denso, lamba mafi girma tana nufin fulogi mafi sanyi, a wajen Bosch da Champion kuwa akasin haka ne. Saboda haka fulogin NGK mai lamba BKR7E ya fi BKR6E sanyi da mataki ɗaya, kuma mataki ɗaya yana rage zafin bakin da kimanin digiri 70 zuwa 100. Shawarar NGK ita ce a koma fulogin da ya fi sanyi da mataki ɗaya a duk lokacin da aka ƙara wa inji ƙarfin doki 75 zuwa 100. Injin da ba a taɓa shi ba, galibi fulogin da kamfanin motar ya rubuta ya wadatar, muddin sabo ne. Masu tsallake mataki biyu ko uku da sunan rigakafi, su ne za ka ga motarsu tana wahalar tashi da safe, tana kakkarwa a tsaye, domin fulogin ba ya samun zafin da zai ƙone dattin kansa.

Batun ƙarfen tsinke bai kai wannan nauyi ba, duk da cewa a kansa aka fi yin talla. Iridiyam ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 2,400, shi ya sa ake iya sirantar da tsinkensa zuwa milimita 0.6 ko 0.4, ya daɗe bai cinye ba, kuma kwayil, wato na'urar da ke tura wa fulogi lantarki, ba ya wahala wajen ba shi wuta. Fulogin nikel mai zuciyar tagulla yana da araha, yana aiki sosai, illarsa kawai saurin cinyewa. Abin da ba a sassauci a kansa shi ne tsawon tiredi, wato ɓangaren da ake murɗawa cikin inji, domin wanda ya yi tsawo yana iya taɓa fistin.

Sai tazarar da ke tsakanin tsinken tsakiya da lanƙwasasshen ƙarfen gefe. A injin da aka ƙara wa iskar turbo, matsi yana hana tartsatsi tsallakawa, sai motar ta riƙa shaƙewa daidai lokacin da aka fi buƙatar ƙarfinta, don haka masu gyara sukan rage tazarar zuwa kimanin milimita 0.6 ko 0.7. Ƙarfen gefe kaɗai ake lanƙwasawa, ba a dogara ma'auni a kan siririn tsinken iridiyam, domin karyewa yake yi.

Wajen duba fulogi, lokacin da aka ciro shi yana da muhimmanci ƙwarai. Wanda ya yi zagayen huce inji sannan ya bar motar tana aiki a tsaye, ya riga ya goge shaidar da yake nema. Abin da ya fi shi ne a kashe inji da zarar an fito daga tuƙi mai zafi kuma an tsaya a wuri mai aminci, a jira ya huce, sannan a kwance fulogogin a jera su bisa tsarin silinda. A ɗauki misalin fulogogi uku: na farko, tangaran ɗinsa ya yi ruwan toka mai haske, lafiyarsa ƙalau. Na biyu ya yi baƙi busasshe, alamar fetur ya yi yawa ko fulogin ya cika sanyi, da a ce baƙin yana maiƙo to baƙin mai ne ke shiga silinda. Na uku shi ne abin tsoro: ya yi fari fat, gefen tsinken ya fara narkewa, kuma idan aka sa madubin ƙara girma za a ga ƙananan ɗigo kamar an barbaɗa masoro, wasu suna ƙyalli. Masu ƙyallin ɓarɓashin alminiyam ne daga kan fistin, kuma motar da ta nuna haka ba ta komawa fili sai an binciki ingancin fetur da lokacin ba da wuta. Idan fulogi ɗaya tak ya bambanta da 'yan uwansa, a fara zargin nozul mai fesa fetur ko kwayil na wannan silinda kafin a sauya lambar zafi.

Wajen mayarwa, a fara murɗawa da hannu a kan inji mai sanyi, sannan a ƙarasa da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Fulogi mai tiredin milimita 14 da zoben wasa a gindinsa, a kan inji na alminiyam, yana buƙatar ƙarfin ɗauri na Nm (Newton-mita) 25 zuwa 30. Wanda bai ɗauru sosai ba ba ya miƙa zafinsa yadda ya kamata, sai ya yi halin fulogi mai zafi ko da lambarsa daidai ce. NGK kuma ya hana shafa maiƙo a tiredin fulogoginsa masu rufin ƙarfe, domin santsin yana sa a zarce ƙarfin ɗauri har tiredin ya lalace.